Kallon Bakin Baba

Litinin, 24 ga Yuni, bayan la'asar

Amna, matata, ita ta sayo mini wannan littafi, wai in riƙa rubuta yadda kunnena ya kwana da yadda ya tashi don in nuna wa likita. Ni kuwa ba zan ɓata takarda a kan kunne ba. Na dama ya tafi tun bayan zazzaɓin watan jiya, na hagu yana nan yana aiki daidai gwargwado. Labarin kunne ke nan.

Abin da nake so in rubuta daban ne. Shekara goma sha tara ina koyar da Turanci, bakwai daga ciki a sakandaren da nake yanzu a Roni. Tun ina kwaleji nake da wani tsohon littafi mai baƙin bango inda nake tara kalmomin da ba kowa ya san su ba. In na tsinci kalma a jarida, sai in rubuta ta, in duba ma'anarta, in ajiye. Jiya na ƙirga su, ɗari huɗu da sittin da biyu. Abokaina na majalisa a nan Kazaure sun manta sunana Muhammad Nur, Ƙamus suke ce mini, kuma gaskiya daɗin sunan nake ji. Sai dai yawancin kalmomin nan ban taɓa jin wani mahaluki ya furta su ba. Da ido na san su. Yadda na ga dama nake karanta su, kuma daga nan har Gwiwa ba wanda ya isa ya gyara mini.

Akwai ƙamus a wayata wanda in ka danna, wata Baturiya za ta faɗa maka kalmar. Ya fi shekara uku a ciki ban taɓa kula ta ba, ina ganin me za ta koya mini. Yau na fara bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ina so in ji kowacce ko da sau ɗaya ne, tun na hagun yana ɗauka.

Epitome. Cikakken misalin abu. Shekara ashirin ina cewa efitom. Baturiya ta ce ifitomi. Na sa ta maimaita sau shida ko za ta sake shawara, ba ta sake ba.

Laraba, 26 ga Yuni, da hantsi, a ɗakin malamai

Saura kalma 431 ban ji ba.

Tsarina a aji ɗaya ne tun fil azal. In faɗi kalma, yara saba'in su maimaita gaba ɗaya, ni kuma in kasa kunne in tsamo wanda ya karkace. Da ina iya nuna yaro a bencin ƙarshe in ce kai ne, sake faɗa. Tsorona suke ji saboda haka, har suna cewa ina da kunne a ƙeya. Yau sun maimaita, abin da ya iso gare ni kamar injin markaɗe ne a bayan gida. Na ce madalla. Ban san abin da na yi wa madalla ba.

Awry. Abin da ya karkace daga yadda aka so. Ori nake cewa, ashe arai ne. Ɗalibaina nawa ke yawo a Kano da Dutse suna cewa ori da ƙarfin gwiwa, don Malam Ƙamus ne ya koya musu. Allah ya sa kada su haɗu da Baturiyar nan.

Juma'a, 28 ga Yuni, bayan an sauko daga masallaci

Na matsa sahu na biyu, kusa da lasifika. Na ji rabin huɗuba.

Asabar, 29 ga Yuni, da yamma

Na je Babura gaida Baba kamar kowace Asabar.

Mahaifina, Alhaji Kaumi, ya haura tamanin. Hatsi ya sayar duk rayuwarsa, yanzu ƙanena Shafi'i ke riƙe da harkar, shi kuwa yana zaure a kan buzunsa daga hantsi zuwa azahar. Akwai kalmarsa a littafina, taciturn, mutum mai tsadar magana. Tasitan, in ji Baturiya. Wannan kam na dace, haka nake faɗarta. Baba ko a kasuwa bai taɓa ɗaga murya ba. In zai yi ciniki, dillalai ne ke matsowa su sunkuya. Mu 'ya'yansa mun tashi mun san in ya buɗe baki kowa sai ya kama kansa, don ba ya maimaita magana fiye da sau ɗaya.

Kuma a gabansa ba a ɗaga kai. Ka tuɓe takalmi tun daga waje, ka durƙusa, idonka a kan tabarma har ka tashi. Shekarata arba'in da uku, na fi sanin yatsun ƙafar Baba a kan fuskarsa.

Gaisuwa ba ta ba ni wahala ba, na san jerinta. Ina wuni, ya gida, ya iyali, ya aiki, ya ruwa. In na ji gunguni ya tsaya sai in ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Amma bayan nan sai ya yi wata magana mai ɗan tsawo. Na ce, "Na'am, Baba?" Ya sake faɗa da muryar nan tasa, ko ƙwayar gero bai ƙara mata ba. Na'am ta biyu babu ita a gidanmu. Sai na ce, "To, Baba. In sha Allahu."

A mota ina ta juya abin. Na ce wa kaina wataƙila nasiha ce a kan salla ko zumunci, irin wadda amsa da "to" ta ishe ta.

Da na dawo Amna ta tare ni a tsakar gida, ta tsaya ta hagu kamar yadda ta koya.

"Malam, ka faɗa masa?"

"Ban ga fuska ba."

"Fuskar wa? Kai da ba ka kallon fuskarsa."

Na ce ta kawo abinci.

Lahadi, 30 ga Yuni, bayan magariba

Yaya Halima, babbar yayarmu da ke aure a Babura, ta kira. Na miƙa wa Amna wayar na ce hannuna da maiƙo. Ina kallon Amna tana saurare, fuskarta tana sauka.

Ashe abin da Baba ya ce jiya shi ne in dawo yau da safe in raka shi Kanya Babba. Amininsa na shekara sittin ya rasu, yau ake addu'ar uku. Tun ƙarfe takwas ya sa babbar riga ya zauna a zaure. Shafi'i ya fito da mota ya ce su tafi, Baba ya ce a'a, Mamman Nur ya ce zai zo. Sha ɗaya ta yi, azahar ta yi. Sai da aka kira la'asar ya tashi ya tuɓe rigar, ya ce a mayar da motar.

Ni kuwa a lokacin ina nan ɗaki da waya manne a kunne, ina koyon yadda ake faɗin sunan wani irin dutse mai ƙyalli da ba zan taɓa gani ba.

Amna ta ce wa Yaya ba ni da lafiya. Yaya ta ce to ai mara lafiya ma yana da waya.

Saura 388.

Talata, 2 ga Yuli, da safe

Muryar Baturiya ta fara sirancewa. Na gano ana iya mayar da ita ta namiji. Baturen ya fi ta kauri, ina jinsa.

Alhamis, 4 ga Yuli, bayan la'asar

Na samo dabara. In na tsura wa bakin mutum ido, in haɗa abin da leɓe ya nuna da ɗan abin da kunne ya tsinto, ina kama fiye da rabin magana. Kwana uku ina gwadawa da Amna. Tana zama a bakin ƙofa inda haske yake, ta yi ta zuba, ni ina maimaitawa. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa sauraronta haka ba, da ta san haka ne da ta daɗe da roƙon Allah. Na yi dariya, ita ma ta yi, sai kuma ta tashi ta shiga kicin ta daɗe.

A makaranta dabarar ta jawo mini magana. Malama Asma'u, mai koyar da lissafi, tana yi mini bayanin jadawalin jarrabawa, ni kuma na kafa wa bakinta ido. Sai na ga ta ja hijabi ta rufe har hanci, ta ajiye takardar a tebur ta fita. Matar aure ce, mijinta ya san ni. Na ji kunya har cikin ƙashina, amma ban bi ta na yi bayani ba. In na yi mata bayani, kafin a tashi duk ɗakin malamai sun ji, kuma malamin Turancin da ba ya jin abin da yara ke faɗa kowa ya san ba a aji zai ƙare ba.

Effrontery. Tsaurin ido. Ifrantari. Na rubuta ta tun ina aji biyu a kwaleji don in riƙa jifan yara marasa kunya da ita.

Asabar, 6 ga Yuli, da azahar

Na dawo da wuri.

Tun a mota na yanke shawara. Ba zan sake cewa to ga abin da ban ji ba. Zan ba shi haƙuri a kan Kanya Babba, in ya yi magana kuma zan ɗan saci kallon bakinsa, kaɗan kawai, ta ƙasan ido.

Na tarar da baƙi biyu a zauren, fatake daga tsallaken iyaka, tsofaffin abokan cinikinsa. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, na yi kuskure ranar Lahadi, a yafe mini." Sai na ji gungunin ya fara, na ɗaga ido.

Ashe satar kallo ba ta isa. Gemu ya rufe rabin bakin, haƙoran gaba babu, zauren kuma ba haske. Sai na ƙara ɗaga kai, na ƙara matsowa, har na manta da kaina. Ban farga ba sai da na ga leɓen ya daina motsi. Ina durƙushe a gaban Baba, na ƙura masa ido kamar ɗan sanda, baƙin nan biyu sun sunkuyar da kai don kunyar abin da suke gani.

Abin da ya faɗa bayan nan na gan shi sarai, don a hankali ya faɗe shi.

"Mamman Nur, me ka ajiye a fuskata?"

Nan ne ya kamata in faɗa. Kalma huɗu ce ko biyar. Na buɗe baki, na dubi baƙin, na rufe. Ya juya fuskarsa wajen bango ya ɗauki carbinsa. Na jima a durƙushe, sannan na tashi na nemi takalmina.

Ba baƙin ne suka hana ni ba, kada in yi wa littafi ƙarya. Tsoro nake ji. Duk abin da aka faɗa wa Baba ya tabbata ke nan. Muddin bai sani ba, ina iya cewa mura ce ta toshe ni.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Saƙon Yaya Halima ya shigo. Na kwafe shi yadda yake.

"Mamman Nur me ya same ka. Baba ya ce Turancin da kake tarawa ne ya kai ka ga tsare shi da ido a gaban mutane. Ya ce ka zauna a Kazaurenka har ka tuna inda ake ajiye ido. Bai ci abincin rana ba. Ka ji tsoron Allah."

Lahadi, 7 ga Yuli, da hantsi

Filial. Abin da ya shafi haƙƙin uba a kan ɗa. Filiyal.

Saura 290.

Laraba, 10 ga Yuli, bayan magariba

Kano. A asibiti sun sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, suka ɗora mini abin ji a kai, aka ce in danna maɓalli duk sanda na ji ƙara. Na zauna ina jira su fara. Can sai matar da ke yin gwajin ta buɗe ƙofa ta ce an gama na dama.

Likitan ma yaro ne, ban fi shekara goma da koyar da sa'o'insa ba. Kansa a sunkuye yake magana yana rubutu, don haka Amna ce ta ji, ni na kalli tsakar kansa. Na karɓi takardar na duba. A ƙasa ya rubuta idiopathic. Wannan ba ta cikin littafina. A mota na duba ta, ciwon da ba a san dalilinsa ba. Idiyofatik. Wato sun yi shekara bakwai a jami'a don su koyi yadda ake cewa ban sani ba da kalma mai gaɓa biyar. Na so kalmar, ba zan ɓoye ba. Na ƙara ta a littafi, ta zama ta 463.

Na tambayi Amna me ya ce game da na hagu. Ta ce ya ce a ci gaba da magani, kuma za a gwada na'urar da ake maƙalawa a kunne. Na ce sai me? Ta juya tana kallon gonaki ta taga har muka wuce Ɗanbatta. Ba na iya karanta ƙeya.

Juma'a, 12 ga Yuli, da la'asar

An yi ruwa mai ƙarfi. Rufin ɗakinmu kwano ne, da in ana irin wannan ruwa sai mun ɗaga murya. Yau ina zaune ina duba takardun yara, sai na ga Amna ta zabura ta dafe ƙirji. Na ce lafiya? Ta ce tsawa.

Asabar, 13 ga Yuli, da safe

Asabar ce. Na yi wanka na sa kaya, sannan na tuna. Na tuɓe.

Na yi kalma arba'in yau. Baturen ma sai na danna wayar a kunne har ta yi mini shaida.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan azahar

Abin da nake gudu ya zo, kuma ta hanyar da ban zata ba.

Ina rubutu a allo, na ba aji baya. Na cika rabin allo da kyakkyawan rubutuna, ina ma jin daɗin yadda yaran suka natsu yau. Sai na ji an dafa kafaɗata. Malam Ashiru ne, shugaban makaranta. Na juya. Yara biyu sun yi dambe har sun karya benci, ɗaya hancinsa na jini, rabin ajin suna tsaye a kan tebura. Tun daga ofishinsa ya jiyo ihun ya taho. Ni da nake taku huɗu daga wurin ina ta ja wa kalma layi.

A ofis bai wahalar da ni ba. Mutumin kirki ne, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya fara magana, ya ga inda idona yake, sai ya jawo takarda ya rubuta: "Malam Nur, tun yaushe?"

Na ce, "Yallaɓai, mura ce."

Ya rubuta: "Malama Asma'u ta kawo ƙararka makon jiya. Yanzu na gane. Zan ba ta haƙuri a madadinka."

Sai ya ƙara rubuta cewa daga gobe in koma ɗakin ajiye littattafai har a ga yadda hali zai yi, wani zai riƙe mini aji. Na ce ai saura mako biyu a yi hutu, ya bar ni in ƙarasa. Ya daɗe yana juya biro. Ya rubuta: "In wani yaro ya faɗi a bayanka fa?"

Na ce na gode.

Laraba, 17 ga Yuli, da hantsi

Ɗakin littattafai. Ni da gara da tsofaffin taswirori. Ta taga ina hango ajina, bakuna saba'in suna buɗewa suna rufewa tare.

Saura 161.

Alhamis, 18 ga Yuli, bayan la'asar

Daudu, abokina na majalisa, ya zo har gida. Ya ce kwana goma ba a ga Ƙamus ba, majalisa ta koma jin Hausa zalla, har an fara fahimtar juna. Na gane wannan don ya saba faɗa. Sauran hirar na yi ta gyaɗa kai ina murmushi. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Amna ta faɗa masa ke nan.

Asabar, 20 ga Yuli, da safe

Asabar.

Lahadi, 21 ga Yuli, da azahar

Susurrus. Raɗar ganye in iska ta bi ta cikinsa. Na tuna ranar da na tsince ta, a wata tsohuwar mujalla da aka naɗo mini ƙosai a ciki. Na danna. Na ƙure ƙarar waya, na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na danna ta fi sau ashirin. Ina jin wayar tana ɗan motsi a fatar kunnena, shi ke nan.

Na kira Amna na ce ta saurara ta faɗa mini da bakinta. Ta saurara, ta murguɗa leɓe, ta gwada. Amna a aji uku na sakandare ta tsaya. Abin da na gani a bakinta zai iya zama kowace kalma a duniya. Na daka mata tsawa, ko dai ina zaton tsawa ce, don ban san yadda muryata ke fita ba yanzu. Ta ajiye wayar a hankali ta fita.

Saura 118. A nan za su tsaya.

Litinin, 22 ga Yuli, da safe

Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai. Wannan kam ina iya karanta shi, ta faɗe shi da yawa a watan nan.

Laraba, 24 ga Yuli, bayan la'asar

An gwada na'urar a Kano. Tana ƙara ƙarfin gunguni, ba ta mayar da shi magana. Likita ya ce sai a hankali. Na ce masa na san kalmar Turanci uku masu ma'anar a hankali, ko yana so? Bai yi dariya ba, ko kuma ya yi ban ji ba.

Ba aikin ne ke hana ni cin abinci ba. Na yi zaton shi ne, ashe ba shi ba ne. Mutum ya haura tamanin, yana zaune a zaure yana ganin ɗansa ya raina shi. In wani abu ya faru a haka fa? Kullum sai na ɗauki waya in rubuta wa Yaya, in goge. Rubutun da na iya duka ya ƙi yi mini jimla ɗaya.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan magariba

Amna ta ajiye mini takarda a kan tiren abinci. Ga abin da ta rubuta:

"Malam gobe zan je Babura in faɗa wa Baba. In ka hana ni ba zan je ba. Amma ka rubuta hanin da hannunka a ƙasan nan."

Ta ajiye biro a gefe. Na ci tuwona, na wanke hannu, na bar takardar yadda take.

Juma'a, 26 ga Yuli, da la'asar

Ta tafi da safe, ta dawo yanzu. Na ce me ya ce? Ta rubuta: "Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun kafin Kanya Babba. Ya ce in gaida gida."

Shi ke nan? Ta gyaɗa kai.

To. Na sani dama.

Asabar, 27 ga Yuli, bayan azahar

Zan rubuta tun ban manta tsarin abin ba.

Wajen sha ɗaya ina kwance a falo, sai na ga Amna ta shigo da gudu tana gyara mayafi tana nuna ƙofa. Kafin in miƙe, ga Baba a tsakar gidana, yana dogara sanda, cikin babbar riga. Shekara shida rabonsa da Kazaure. Shafi'i ya kawo shi, Baba ya ce ya jira a mota.

Na zube a gabansa, kaina a ƙasa. Amna ta shimfiɗa darduma a inuwa, sai na ga ƙafafunsa sun wuce ta. Ya sa ta jawo dardumar tsakiyar rana, inda haske ya fi yawa, ya zauna yana fuskantarsa. Ya tuɓe rawaninsa ya ajiye a gefe. Ni dai ina kallon yatsun ƙafa.

Sai na ji hannu a haɓata. Ya ɗago fuskata da kansa, ya riƙe, ya sa ɗaya hannun ya share gashin baki daga kan leɓensa. Na yi ƙoƙarin sauke ido, ya girgiza haɓar.

Abin da ya fara faɗa na kama shi. "Mamman Nur. Ban sani ba." Ya faɗa sau biyu. Baba, sau biyu, ba wanda ya ce na'am.

Daga nan sai bakin ya canza. Leɓen yana motsi, amma ba irin motsin da na koya a bakin Amna ba. Na bi, na bi, na kasa kama ko kalma ɗaya. Can na gane. Barbarci yake yi, harshen iyayensa da suka taho da shi daga gabas. Ba ya yinsa sai in abu ya kai masa maƙura. Sau ɗaya na taɓa ji ya yi mai tsawo, ranar da aka binne Innarmu. Ni kuwa ban da gaisuwa ban san komai a cikinsa ba. Yaya Halima ta iya, Shafi'i ma yana taɓawa. Ni lokacin da suke zama wajen kaka suna koyo, ina can ina haddar ƙamus.

Ya daɗe yana magana. Jijiyoyin wuyansa sun tashi, hawaye na bin gemun, hannunsa bai bar haɓata ba. Duk inda na ga leɓen ya tsaya sai in ce amin. Ban sani ba ko addu'a ce, ko faɗa ne, ko wani abu ne da ya daɗe yana so ya gaya mini. Na dai yi ta cewa amin. Da ya gama ya tofa a tafinsa ya shafa mini a kunnuwa biyu, ya mayar da rawani, ya miƙa wa Amna hannu ta ba shi sandarsa. Ko ruwa bai sha ba.

Bayan sun tafi na ce wa Amna me ya ce? Ta ce ita Bahaushiya ce, ina za ta sani. Na rubuta wa Shafi'i, ya ce gilashin mota a rufe yake, rediyo yake ji. Baba kuwa ba a ce masa ya maimaita irin wannan.

Amna ta ƙara rubuta mini wani abu. Wai da ƙarfi yake maganar, da iyakar ƙarfinsa, har maƙwabta suka fito ƙofar gida suna tambaya ko lafiya. Duk layinmu sun ji shi. Babu mai jin Barbarci a layinmu.

Lahadi, 28 ga Yuli, da safe

Na tambayi Amna yaya muryar Baba take in ya ɗaga ta, don ban taɓa ji ba.

Ta yi tunani, ta ɗauki biro. "Irin taka ce sak."